Riyal Nawa ne Kwanciyar Hankali? Lissafin da Mazauna Saudiyya ba su Cika Yi ba

Kusan duk Bahaushen da ka tara a Shara Mansur a Makka, ko a bakin wata baƙala, wato kantin kayan masarufi, a kudancin Jidda, in ka tambaye shi abin da ya rage masa ya ce ya ji daɗin duniya, amsar ba ta wuce abu huɗu ko biyar: albashi ya ƙaru, ginin da ya ɗora a Kano ko Maraɗi ya kai rufi, ya sayi mota, ya ɗauko iyali, in zai je hutu ya cika kargo da tsaraba. Babu aibu a ko ɗaya. Sai dai in ka lura, yawancinsu abubuwa ne da ake hangowa daga gida. Mutanen gida ne suka tsara jerin, shi kuma ya karɓa yana biya. Abin da ke tayar da shi zaune ƙarfe biyun dare kuwa, sau da yawa ba ya cikin jerin sam.

A fara kawar da wata magana mai daɗin ji. Masu cewa kuɗi ba ya kawo farin ciki, galibinsu ba su taɓa kwana da bashin haya a wuya ba. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton sun duba amsoshi fiye da 450,000 daga Amurkawa, suka ga jin daɗin yau da kullum yana hawa tare da samu har zuwa kimanin dala 75,000 a shekara, daga nan ya tsaya. A 2021 Matthew Killingsworth ya fito da nasa binciken, ya ce bai ga inda ya tsaya ba. A 2023 suka haɗu da Kahneman suka sake zama a kan alƙaluman, suka daidaita cewa ga mafi yawan mutane jin daɗin yana ci gaba da hawa, sai ga wani kaso na masu baƙin ciki mai tushe, waɗanda bayan wani mataki ƙarin kuɗi ba ya yi musu komai. Abin da ya fi amfani a duk binciken shi ne yadda hawan yake tafiya: da ninki yake tafiya, ba da ƙari ba. Wato tashi daga riyal 1,500 zuwa 3,000 taki ɗaya ne, tashi daga 10,000 zuwa 20,000 shi ma taki ɗaya ne. Riyal 500 a hannun mai 1,500 kashi ɗaya cikin uku ne na rayuwarsa. A hannun mai 10,000 da ƙyar zai san ta shigo. Alƙaluman na Amurka ne, amma hikimar ta shafi kowa: kuɗin farko da ke shiga aljihu tsoro yake kora, na baya kuma yawancinsa gasa yake saya.

Tsoron nan yana cin ƙwaƙwalwa a zahiri. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya gwada kaifin tunanin manoman rake a kudancin Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da suke cikin bashi, da bayan girbi da kuɗi a hannu. Mutum ɗaya, kai ɗaya, amma kafin girbi sakamakonsa ya fi ƙasa sosai. Wanda hankalinsa ke kan ranar ƙarewar iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ko ranar zuwan mai gidan haya ba ya tunani da dukkan kansa, kuma a irin wannan hali ne ake yanke shawarar da ake da-na-sani: a ci bashi mai tsada, a miƙa fasfo ga dillali, a shiga harkar da ba a gane kanta ba.

Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya jera abin a tsarin da ya fi na kowane mai bincike sauƙin riƙewa: wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Aminci aka fara ambata. Ga baƙo a Saudiyya kuwa, aminci sunansa takarda.

A nan ne mutane da yawa ke kife lissafin. Za ka ga mutum yana tura kuɗin bulo duk wata alhali iƙamarsa ta kusa mutuwa, bai ma buɗe Absher, manhajar gwamnati ta harkar takardu, ya duba ba. A doka, kuɗin iƙama da na izinin aiki a wuyan kafili suke, wato ubangidan da ya ɗauki ma'aikaci, ba a wuyan ma'aikaci ba, amma wahalar jinkirin kan ma'aikaci take sauka: asusun banki ya daskare, inshorar lafiya ta tsaya, duk shingen bincike ya zama faɗuwar gaba. Tarar jinkirin sabuntawa riyal 500 ce karon farko, 1,000 karo na biyu, na uku kuwa yana iya kaiwa ga tarhil, wato kora daga ƙasar. Abin yi ba shi da wuya. Wata biyu kafin ranar ƙarewa a duba kwanan fasfo, domin fasfon da ya kusa mutuwa yana hana bizar fita da dawowa. A duba ko akwai tarar hanya da ba a biya ba, domin ita ma tana toshe bizar. A tabbatar kwantiragin da ke kan Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, shi ne wanda aka yi magana a kansa da baki, musamman adadin albashi, tun da a kansa za a yi lissafin haƙƙi ranar rabuwa. Aiki a wajen wanda ba kafilinka ba, ko da na awa uku ne da yamma, laifi ne da ke jawo tara da tsarewa da kora. Mai yin sa yana samun ƙarin 'yan ɗaruruwa a wata, yana biya da waige-waige kullum. Wannan ciniki ne na asara ko da ba a taɓa kama shi ba. Waɗanda suka yi amfani da afuwar 2013, ko ta 2017 da aka buɗe da kwana 90, suka gyara zamansu ko suka fita ba tare da tara ba, sun sayi abin da ya fi fili a bakin titi daraja.

Bayan takarda sai ajiya, kuma ajiyar da ake nufi ita ce wadda hannu zai kai gare ta cikin kwana ɗaya. Ma'auninta kuɗin zaman wata uku da tikitin komawa gida. Mai kashe 1,800 a wata yana buƙatar 5,400 da kuɗin jirgi, a asusun da ba shi da katin sayayya a aljihu. Adashi ba ya maye gurbin wannan. Adashi yana da kyau wajen tilasta wa mutum tari, amma kwasarka tana zuwa ne ranar da layi ya zo kanka, ba ranar da ciwo ya zo ba, kuma in aka kama ɗaya daga cikin waɗanda suka riga suka kwasa, ko aka yi masa bizar fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa, na ƙarshen layi ne ke kuka. Don haka adashin kirki ba ya wuce mutum goma zuwa sha biyu, kowa sananne ne da wurin aikinsa, sabon shiga kuma shi ke kwasar ƙarshe. Mata da yawa sun fi yarda da zinariya, kuma suna da hujja, amma a san bambanci. Sarƙa ko awarwaro ana biyan kuɗin ƙira a kansu, a ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari, ranar sayarwa kuwa mai shago nauyi kawai zai auna. Ƙirar ta tafi, harajin ya tafi. Wadda ke son ado ta sayi ado. Wadda ke son ajiya ta sayi ɗan sandan zinariya tsantsa, wanda ba a ɗora masa wannan haraji kuma kuɗin ƙirarsa kaɗan ne.

Sai gini, wanda shi ne babban abin da ke cinye shekarun mutanenmu. Mallakar muhalli buƙata ce ta gaskiya, musamman ga wanda ya san wata rana zamansa a nan zai ƙare. Inda ake ɓata shi ne girma da tsari. Ana zana gida mai ɗaki takwas da falo biyu saboda wane ya yi haka, sai a riƙa tura kuɗi gutsure-gutsure. Ga abin da ke faruwa da ginin gutsure. Siminti ba ya son ajiya. In ya wuce wata uku, balle a damina, ya fara dunƙulewa ƙarfinsa ya ragu. Rodin da aka bari a waje tsatsa ke ci. Bangon da aka tayar ba a ɗaure shi da linta ba, ba a rufa ba, damina biyu ta isa ta jiƙa shi ta tsattsage. Mai buga bulo da ba a tsaye a kansa zai ja buhu ɗaya ya fitar da bulo 45 ko 50 mai inci tara, alhali magina na kirki ba sa son a wuce 30. Farashi kuma ba ya jira: buhun siminti da ake saya wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. In an gama da ƙyar bayan shekara goma, sai a kulle gidan, gara ta shiga katakon rufi, ɓarayi su zare wayar wuta, mai shi yana can yana kwana su huɗu a ɗaki ɗaya a Jidda, yana nuna wa abokai hotonsa a waya.

Tsarin da ya fi shi ne a raba aikin zuwa matakan da kowanne zai iya tsayuwa da kansa in kuɗi ya yanke: takardun fili da sunan mai shi tukuna, ba da sunan ɗan'uwa ba, sai katanga da ƙofa, sai ɗaki biyu da banɗaki da kicin, daga fandisho har rufi a zama ɗaya, ba a fara ba sai kuɗin matakin ya cika a hannu. Wannan ɓangaren a sa ɗan haya ko wani na jiki ya zauna, domin gidan da ake shara ya fi gidan da aka kulle daɗewa. Mai riƙe kuɗi daban, mai sayen kaya daban, kuma a biya wanda ke sa ido ladan aikinsa. Rabin rigimar 'yan'uwa a kan ginin na waje daga nan take tasowa: an ɗora wa mutum aikin wata da watanni a rana, ba a yanka masa ko sisi ba, sai ya yanka wa kansa.

Daga cikin jerin nan na farko, ɗauko iyali ne abin da bincike da hankali suka fi yarda yana sayen farin ciki kai tsaye. Binciken jami'ar Harvard da aka fara a 1938, wanda ya bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufa, ya gano cewa gamsuwar mutum da mu'amalarsa da na kusa da shi yana ɗan shekara 50 ta fi yawan kitsen jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance a shekara 80. Amma wannan ne kuma abin da aka fi sa wa farashi. Kuɗin da ake biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar baƙo ya fara da riyal 100 a wata a Yulin 2017, yana hawa ɗari-ɗari duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Mata ɗaya da 'ya'ya uku 1,600 ke nan a wata, 19,200 a shekara, ba a yi maganar haya da makaranta ba. Mai albashin 4,000 da ya dage sai iyali sun zauna, zai iya wayar gari suna tare a ɗaki ɗaya amma kullum cikin faɗan kuɗi, wanda shi ma rabuwa ce. Ga irinsa, abin da ya fi shi ne ya ɗauki kuɗin tikitin hutu a matsayin farilla, sama da bulo. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci kwana 21 a shekara, ya koma 30 bayan shekara biyar a wuri ɗaya. Bizar fita da dawowa riyal 200 ce ta wata biyu, duk ƙarin wata 100. Abin da ke hana mutane zuwa gida shekara uku, huɗu, sau da yawa ba tikiti ba ne. Kunyar zuwa ba tsaraba ce. A tara kuɗin abaya da jallabiya da turare da dabino na mutum sittin, a haɗa da kuɗin kargo, sai ka ga ya kai tikiti ko ya wuce. Yaro ɗan shekara shida da ya ga ubansa sau ɗaya tun da ya yi wayo ba agogo ya rasa ba.

Mota maganarta gajeriya ce. In da ita ake neman abinci, ko wurin aiki ba ya isuwa sai da ita, kayan aiki ce. In ba haka ba, a haɗa biyan wata-wata da inshora da duba lafiyarta na shekara da taya da mai, ko da yake litar 91 tana kan riyal 2.18 tun 2021, sannan a tuna kyamarar Saher mai kama masu karya dokar hanya ba ta san uzuri ba: tsallake jar danja daga 3,000 ne zuwa 6,000, riƙe waya ana tuƙi daga 500 zuwa 900. Kuskuren daƙiƙa ɗaya ya cinye albashin wata. Haka sayen waya da kayan ɗaki ta Tabby ko Tamara, manhajojin saye bashi, a raba biya huɗu. Kowanne shi kaɗai ƙarami ne. In suka zama biyar a lokaci guda, albashi yana shigowa ne a matsayin na wasu.

Abin da rusau ɗin Jidda ya koyar ya fi wannan zurfi. Daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe tsofaffin unguwanni, irin su Sabil da Karantina da Gulel da Kandara, inda Hausawa da sauran 'yan Afirka suka yi zamani bayan zamani. Ba wanda zai ce lungunan nan aljanna ne. Akwai ƙazanta, akwai cunkoso, akwai miyagun ƙwayoyi. Da yawa daga waɗanda suka tashi sun koma shiƙƙa, wato sashen haya a bene, mai tayil da lif, wadda ta fi tsohon gidansu kyau nesa ba kusa ba. Amma a tsohuwar unguwa, mace mai fita aiki tana da inda za ta bar jaririnta, mai baƙala yana rubuta bashi har ƙarshen wata, in aka yi rasuwa kafin azahar an haɗa kuɗin likkafani, mai tsire da mai koko sun san wanda bai fito ba yau. Duk waɗannan hidimomi ne da suke da farashi in za a saya, wasunsu ma ba a sayar da su. A sabon bene, maƙwabci ƙofa ce a kulle. Don haka mai neman haya ya sa nisa cikin lissafi kamar yadda yake sa kuɗi: minti nawa zuwa wurin aiki, minti nawa a ƙafa zuwa gidan mutum uku da za su fito in ya buga waya da tsakar dare. Masu binciken tattalin arziki a Turai sun daɗe da lura cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki suna bayyana ƙarancin gamsuwa da rayuwa, kuma babban gida ko ƙarin albashin da suka samu bai cike giɓin ba. An saba da faɗin falo cikin 'yan watanni. Cunkoson hanya kuwa kullum sabo ne. Faɗin ma yana da kuɗinsa: mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na taga mai cin kimanin kilowat biyu, in ya yi awa 12 a rana, zai sha har yunit 720 na wuta a wata, a kan halala 18 kowanne (halala ɗari ke yin riyal ɗaya), wajen riyal 150 ke nan da haraji. Ɗaki huɗu a watan Agusta, sai a ninka.

Lafiya kuwa ita ce jarin da aka fi ci ba a sani ba, don ba ta aiko da takardar bashi sai ta yi nisa. Fiye da mutum ɗaya cikin shida na manya a Saudiyya yana da ciwon sukari, kuma baƙo yana cin abin da 'yan ƙasa ke ci, har ma ya fi su dogaro da mai arha: shinkafar kabsa da rana, soyayyar kazar burost da dare, shayi mai sukari cokali uku sau biyar. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce 50 a yini, ya fi kyau ma ya tsaya a 25. A haɗa da raba dare a waya da mutanen gida, da zaman tuƙi ko gadi na awa goma sha biyu. Wanda ya haura 35 ya yi gwajin sukari na HbA1c sau ɗaya a shekara, 6.5 zuwa sama ciwo ne. Ya auna hawan jini, in yana maimaita 140 bisa 90 ya ga likita ko da ba ya jin komai, don hawan jini ba ya sallama. Inshorar lafiya wajibi ce a kan kamfani, amma mutane da yawa ba su taɓa amfani da ita ba sai ranar da aka kwashe su. Barcin awa bakwai da tafiyar ƙafa ta rabin awa bayan isha, kwana biyar a mako, ba sa cin ko halala. Dokar hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, haƙƙi ce, ba alfarma ba. Ƙodar da zafi da ƙarancin ruwa suka lalata, duk kuɗin ƙarin lokacin aikin da aka yi ba zai biya wankinta ba.

Akwai kuma wani nauyi da canjin kuɗi ya ƙirƙira. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube, har riyal ɗaya ya kai wajen naira 400 a 2024. Mai albashin 2,500 ya zama mai miliyan a wata a bakin 'yan'uwa, ba wanda ya cire masa haya da abinci da kuɗin mota na Jidda. Shi ma in bai yi hankali ba sai ya yarda da labarin, ya riƙa amsa kowace buƙata don kada a ce ya canja. Zumunci wajibi ne, amma wajibin da ba shi da iyaka yakan koma gaba: ranar da aka ce babu, an manta da sau arba'in da aka ce to. Abin da ke tsare zumuncin shi ne adadi sananne a rana sananniya ga waɗanda ciyar da su ke wuyanka, da wani ɗan kaso daban na larura, in ya ƙare ya ƙare sai wata mai zuwa. Iyaye sun fi samun natsuwa da naira dubu hamsin da suka san ranar zuwanta a kan dubu ɗari biyun da sai an yi ta kira.

Duk wannan lissafi yana komawa ga abu ɗaya da ba a son faɗa: baƙo ba shi da fansho a nan. Abin da ake biya masa a hukumar inshorar ma'aikata na haɗarin aiki ne kawai. Abin da zai tafi da shi shi ne haƙƙin ƙarshen aiki: rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata kan kowace shekara bayan haka. Mai 3,000 da ya yi shekara goma zai karɓi 7,500 da 15,000, jimla 22,500. In shi ya ajiye aikin da kansa, lissafin ya canja: ƙasa da shekara biyu babu komai, daga biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, daga biyar zuwa goma kashi biyu cikin uku. Wanda ya yi fushi ya ajiye a shekara ta bakwai, maimakon 13,500 zai tashi da 9,000. Masu aikin gida, direba da mai aikatau, nasu tsarin daban ne, albashin wata ɗaya ne bayan shekara huɗu a jere. Wanda ya zauna ya buga wannan lissafi tun yana da ƙarfi zai ga cewa 22,500 ba ta riƙe gida mai ɗaki takwas ko shekara biyu, amma tana iya zama jarin sana'ar da ya riga ya koya, a garin da bai yanke ƙafa da shi ba.